Filin Sana'o'in Gida: Bargon Ƙyalle a Matamaye

An kai gero rumbu, an roro wake, rake ya fara fitowa daga koramun Dungu zuwa kasuwar Matamaye. Kowa a ƙasar Kance ya san abin da ke biye da wannan, dari ne. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu iska tana busowa da ƙura, da asuba kuwa sanyi yana shiga har ƙashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka filin sana'o'i na wannan wata zai tsaya kan abin rufa, da kan wani aiki da ya dace da dattijan da suka aje aikin gwamnati suka dawo gida.

Maganar abin rufa ba ƙarama ba ce. Akwai gidaje da yawa inda yara biyar ko shida ke kwana ƙarƙashin bargo ɗaya. Na tsakiya ya ji ɗumi, na gefe ya kwana yana ja. Idan sanyi ya tsananta, sai uwa ta shigo da kaskon wuta, ta rufe ƙofa, ta toshe taga da tsumma. A nan haɗarin yake. Gawayin da ke ci cikin rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum yana cikin barci. Ga kuma gobara, wadda ba ta neman fiye da bakin zane ya taɓa garwashi. Bargon kanti kuwa, da na gwanjo wanda ake ce wa bosho, kuɗinsu tashi yake yi daidai lokacin da ake bukatarsu.

Alhali abin da za a yi bargo da shi yana nan zube ƙarƙashin ƙafar teloli. Turmin atamfa yadi 6 ne. In tela ya fitar da riga da zane da kallabi, ba a rasa guntaye. A makonnin da ke gaban Sallah, ƙasan kowane shagon ɗinki a Matamaye cike yake da ƙyallayen atamfa da shadda da yadi. Galibinsu kaya ne da suka biyo hanyar Kano da Daura suka shigo ta Ɗan Barto, an biya kuɗinsu, an biya kuɗin mota. Da yamma yaron shago ya share su ya kai juji, ko ya sa masu wuta. Awaki su tauna saura tare da leda.

A ɗauki misalin malamar makarantar boko da ta yi shekara talatin tana riƙe da alli, yanzu ta aje. Rabin matan unguwa ita ta koya masu karatu, kuma har yau Madam suke ce mata. Watan farko na zaman gida hutu ne. Wata na biyu sai yini ya fara yi mata tsawo. Kuɗin fansho suna zuwa, amma ba su kai albashi ba, ga jikoki cike da tsakar gida. Wadda ta saba da ƙararrawar ƙarfe takwas, zama a gindin bango ana hirar wane da wance ba zai karɓe ta ba. Irin wannan dattijuwa ita ce ta fi kowa dacewa da bargon ƙyalle, don aikin yana neman abubuwa uku da take da su: lokaci, haƙuri, da sanin awo.

Wurin aikinta ba shago ba ne. Kusurwa ce ta ɗakin da babban ɗanta ya bari da ya tafi karatu Yamai. Keken ɗinki yana kusa da taga, yadda haske zai faɗo kan allura. Gefe akwai tabarma mai tsabta ta shimfiɗa aiki. Ƙyallaye suna cikin tsofaffin kwanonin aure, ja da ɗorawa a ɗaya, shuɗi da kore a ɗaya, fari da masu haske a na uku. Allurai da maɓallai suna cikin gwangwanin madara mai murfi, an ɗora shi sama inda hannun jika ba ya kai. Almakashin yadi ɗaya ne, kuma doka ce ba a yanka takarda ko farce da shi.

Keken na ƙafa ne, irin Butterfly ɗin nan na ƙasar Sin da Singer da suka cika kasuwanni. Tun 1851 da Isaac Singer na Amurka ya fitar da kekensa ake ta sabunta wannan na'ura, har ga mai aiki da lantarki, amma a karkara na ƙafa bai da na biyu. An ga haka a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Mai taka keke da ƙafa bai tsaya ba. Abin da keken ke so kaɗan ne. A rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu, a share gidan zaren ƙasa da gashin kaza, a ɗiga masa man keke. Kada a sa masa man gyaɗa. Yana sulɓi ranar farko, bayan kwana biyu ya yi danƙo ya kama ƙura, keke ya cije.

Yininta a tsare yake kamar na makaranta. Bayan sallar asuba da koko, sai rana ta ɗaga, haske ya wadata. Daga hantsi zuwa azahar aikin yanka da haɗi ne. Bayan la'asar, in maƙwabta sun shigo gaisuwa, ana shimfiɗa bargo a tabarma ana ɗinkin hannu ana hira. Da magariba an naɗe. Ba a ɗinki da fitila, ido ba shi da kasuwa.

Ga yadda aikin yake, ga mai son gwadawa.

Bargon hawa uku ne: fuska, ciki, da shafi. Fuskar ita ce ƙyallayen da aka harhaɗa. Kafin a sa almakashi sai an wanke su duka, an shanya, an goge. Dalili biyu ne. Wani yadin yana tsukewa in ya sha ruwa, wani kuma yana zuba, kuma gara ya zuba cikin bokiti da ya ɓata bargon da aka yi wata guda ana yi. A ware na auduga daga na roba. Gane su ba wuya: a ƙona ɗan bakin zare, na auduga ya zama toka, na roba ya narke ya dunƙule. Na roba ba ya shiga bargon yaro, don in wuta ta taɓa shi manne wa fata yake yi.

Sai a yanko kwali mai kusurwa huɗu, santimita 22 kowane gefe, ya zama ma'auni. Duk ƙyalle a yanka shi daidai da kwalin. Ɗinki zai ci santimita ɗaya a kowane gefe, saura 20. Bargon babba yana son layi 10, kowane layi ƙyalle 7, jimla 70, wato tsawo mita 2, faɗi mita ɗaya da santimita 40. Na yaro layi 6 ne na ƙyalle 5, jimla 30. Guntayen da ba su kai girman kwali ba, a haɗa biyu ko uku su kai. A jera su a tabarma tukuna a duba, mai duhu kusa da mai haske, kada ja ya taru wuri ɗaya. Nan ne gwaninta take fitowa, don mata biyu za su ɗauki ƙyalle iri ɗaya, na wannan ya yi kyau kamar shimfiɗar amarya, na waccan ya zama hargitsi. In jeri ya kwanta, a ɗinke layi-layi da keke, sannan a haɗa layukan.

Ciki kuwa tsofaffin zannuwa ne biyu ko uku da suka sha jiki, ko tsohon bargo da ya yi fata-fata, an wanke shi tas. Mai gonar auduga yana iya sa shiɓa, ya baza ta bai ɗaya. Audugar rimi a bar wa matashin kai, don tana gudu ta taru gefe, kuma tana kama wuta da sauri. Shafi zane ne guda mai ƙwari, ya ɗara fuska faɗi da yatsu uku ta kowane gefe, don a naɗo bakinsa sama a kalmashe.

Aikin da ke cin lokaci shi ne haɗa hawa ukun. A shimfiɗa su a miƙe ba tattara, a kama su da dogon ɗinki na wucin gadi. Sannan a ɗauki allura mai ƙwari da zare biyu, a fara daga tsakiya a nufi baki, allura tana nutsewa tana fitowa, layi bayan layi, tazarar yatsu uku. Wanda ya fara daga baki zai tarar da tsakiya ta kumbura kamar cikin kwaɗo. Mai son yi da keke ya sa allura lamba 16, ya buɗe taki, ya tafi a hankali. Amma na hannu ya fi laushi, kuma shi ne mata uku ko huɗu za su iya zagayewa su yi tare.

To, in abin sauƙi ne haka, me ya hana shi yawa? Kunya ce. A wurin mutane da yawa, tufa mai maho alamar talauci ce. Magidanci zai yarda ƴaƴansa su kwana suna makyarkyata, da dai baƙo ya ga bargon ƙyalle a kan igiyar shanya. Wannan kunya ba ta da tushe, kuma tarihin ƙasar nan da kansa ya ƙaryata ta. Mene ne lifidi? Yadi ne hawa-hawa da aka cusa wa auduga aka bi shi da ɗinki layi-layi, fuskarsa ƙyallaye ja da fari da shuɗi da ɗorawa. Da shi ake rufe doki da mahayinsa don kibiya da takobi. Baturen Ingila Denham ya ga irinsa a ƙasar Barno cikin tafiyarsa ta 1823. Ƴan lifida suna cikin rundunar Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Daura ko Katsina ko Kano ya gan su da idonsa, haka ma dawakin Zarmakoy na Dosso. Ɗinkin nan ɗaya ne da na bargo. Abin da aka yi wa dokin sarki ado da shi, yaya zai zama abin kunya a gadon yaro?

Ba ma a nan kaɗai ba. A Senegal, ƴan Bay Fal, mabiya Shehu Ibra Fal, riga mai ƙyalle-ƙyalle suke sawa da gangan, ita ce shaidarsu. A Amurka akwai wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, sunansa Gee's Bend, inda jikokin bayi mata suka daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aikin gona don sanyi. A 2002 aka baje bargunansu a gidan kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunansu a kan sarki.

Shi ya sa ya fi kyau wanda ake ganin girmansa ya fara. In Madam ta shanya nata a fili, ko tsohon ma'aikacin likita ya shimfiɗa nasa a zaure, bakin masu dariya ya mutu. Maza ma ba a cire su ba. Ɗinki a ƙasar Hausa tun asali sana'ar maza ce, malamai nawa ne suka ci abinci da ɗinkin hula da aikin wuyan riga?

Akwai magana ɗaya da ba a so a tsallake. Ƙyallen da ya rage a hannun tela na mai yadi ne, ba na tela ba, sai in mai shi ya yafe. Galibi ba mai neman guntun da bai kai tafin hannu ba, amma babban yanki da zai yi wa jariri riga haƙƙi ne. Tela ya tambaya kafin ya bayar, mai karɓa ma ta tambaya. Wasu kuma ba su son ƙyallen tufarsu ya shiga hannun wani, don tsoron sammu. Ba sai an yi gardama da su ba, a bar masu abinsu. Wanda aka bayar da daɗin rai ya isa, in aka yi alkawari da tela biyu ko uku su riƙa tarawa cikin buhu maimakon ƙonawa.

Dattijo mai ɗinki ya kula da jikinsa. Ya tashi ya miƙe ƙafa bayan kowace awa. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yana raguwa, wannan ba cuta ba ce, tabarau ke gyara shi. Amma in gani ya zama kamar hazo, ko da rana tsaka, yana iya zama yanar ido, sai a nufi likita a nan Matamaye, in ta kama a tura mutum Damagaram. Kafin nan, jika ya zura zare. Iyaye mata kuma su sani bargo ba magani ba ne. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na faɗawa, likita za a kai shi a ranar. Jariri kuwa ba a rufe masa fuska.

Wanda ya fara a Nuwamba, ya fara da na yaro mai ƙyalle 30, zai gama kafin sanyi ya kankama. Na babba a bar shi sai hannu ya faɗa. In dari ya wuce a watan Maris, a wanke bargon da sabulu, kada a buga shi kan dutse don zare yana tsinkewa. Ya bushe sarai a rana, a naɗe shi da busasshen ganyen bedi, a sa cikin akwati nesa da gara. Ƙyallayen Sallah mai zuwa kuma a fara tara su tun daga ranar da teloli suka fara kwana a shago.