Ra'ayi: Madarumfa da kwalbar ƙamshin taba, kafin ta zama sabuwar kodin

Madarumfa ba baƙuwar taba ba ce. Tun kaka da kakanni manoman fadamar Gulbin Maraɗi ke noma ta bayan janyewar ruwa, a shanya ganye, a daka, a haɗa da kanwa a kai kasuwa. Tsoho ya san ƙarfin garin da yake zubawa a baki, tsohuwa ta san furen da take goga wa haƙoranta. Illar tana nan, babu mai musun haka, amma aƙalla mai sha ya san abin da ya ɗauka da gonar da ya fito.

Abin da ke tafe yanzu daban ne. 'Yar kwalba ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, an rubuta mata "ƙamshin taba", ana tallarta a intanet ga masu shan sigarin lantarki da ke son haɗa ruwansu da kansu a ɗaki, maimakon sayen wanda kamfani ya haɗa. Hujjar masu tallar biyu ce: ya fi araha, kuma wai ya fi sigari sauƙin illa. Ya kamata hukumomin Nijar, da iyaye, da matasan kansu su dubi wannan kwalba tun yanzu, domin a garin da ke bakin iyaka irin Madarumfa, duka hujjojin biyu ba su tsayawa.

Me ke cikin ruwan?

Sigarin lantarki, wanda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ya ƙera a 2003, ba ya ƙona ganye. Batir ne ke dumama wani ruwa har ya zama tururi, mutum ya zuƙa. Ruwan kuwa haɗin abubuwa huɗu ne: sinadarin furofilin gilaikol, da gilisarin, da nikotin, sai kuma filebo mai ba da ɗanɗano. Mai haɗawa a gida yakan sayi kowanne daban ya gauraya.

Abin mamaki, yawancin abin da ake kira ƙamshin taba babu ganyen taba a cikinsa. Sinadarai ne aka harhaɗa a masana'anta su ba da ɗanɗano mai kama da na gasasshiyar gyaɗa, ko narkakken sukari, ko hayaƙin itace. Akwai kuma nau'i na biyu, wanda ake jiƙa ganyen taba na gaske a tace ruwan. Wannan shi ne zai fi jan hankalin matashin da ke da ganyen a bayan gidansu. Sai dai jiƙon ba ƙamshi kaɗai yake tatsowa ba, yana fitowa da nikotin wanda ba a san yawansa ba, da sauran sinadaran da ke cikin ganyen.

Shi kansa filebon, ƙungiyar masu sarrafa shi a Amurka ta sha bayyana cewa shaidar amincin da take bayarwa ta abin da za a ci ce, ba ta abin da za a shaƙa ba. Ciki da huhu ba aikinsu ɗaya ba. A shekarar 2000 an gano wata muguwar cutar huhu a jikin ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Mizuri, kuma bincike ya danganta ta da diyasetil, sinadarin da ke ba da ɗanɗanon man shanu. A baki bai cutar da su ba, shaƙarsa ce ta toshe musu ƙananan hanyoyin numfashi. An kuma samu wannan sinadari a wasu ruwan sigarin lantarki. Bahaushe dai ya riga ya ce taba ta bambanta da garin gero.

Lissafin da ba a yi da cokali

Babban haɗarin yana wajen nikotin. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2014, ta ƙayyade cewa kada ruwan da ake sayarwa ya wuce miligiram 20 na nikotin a kowace mililita, kada kwalbar ta wuce mililita 10, kuma murfinta ya zama wanda yaro ba zai iya buɗewa ba. Amma ruwan nikotin da ake sayar wa masu haɗi a wasu kasuwannin yakan kai miligiram 100 a mililita, ninki biyar ke nan. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na irin wannan ruwa yana ɗauke da miligiram 500, alhali abin da jiki ke samu daga karan sigari ɗaya bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba.

Ma'ana, kuskuren ɗigo kaɗan na iya mayar da haɗi ya zama guba. Nikotin yana ratsa fata idan ya zube a hannu, yana sa amai, jiri da bugun zuciya, idan ya yi yawa kuma ya kai ga farfaɗiya da tsayawar numfashi. A watan Disamban 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya mutu a jihar Niyok ta Amurka bayan ya sha irin wannan ruwa a gida. To a auna da gidan Bahaushe, inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar samari uku, ƙanne na shige da fice, ga kwalba mai ƙamshin alawa a ƙarƙashin katifa.

Akwai kuma abin da araha ke jawowa. Ranar da filebon asali ya ƙare ko ya yi tsada, me zai maye gurbinsa? A kasuwar Maraɗi akwai filebon da ake zuba wa zoɓo da kek, akwai turaren mai da ake aunawa a ƙananan kwalabe. Duk wanda ya san yadda ake haɗe-haɗe a tsakanin matasa ya san ba za a daɗe ba wani zai gwada. Mai kuwa idan ya shiga huhu ba ya fita cikin sauƙi. Amurka ta ga haka a 2019, lokacin da 'yan kasuwar bayan fage suka riƙa sirka ruwan da ke da sinadarin wiwi da wani mai na bitamin E don ya yi kauri. Zuwa watan Fabrairun 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar, 68 suka mutu. Wannan a ƙasar da ke da injinan taimaka wa numfashi a kusan kowane babban asibiti ke nan.

Hujjar masu cewa ya fi sigari

Adalci shi ne a saurari ɗaya ɓangaren. Hukumomin lafiya a Ingila sun daɗe suna cewa sigarin lantarki bai kai sigari illa ba, har suna ba manya masu son daina shan taba shawarar komawa kansa. Magana ce mai tushe, kuma ɗan Madarumfa da ke zaune a Landan ko Faris ya ji ta. Amma maganar tana da sharaɗi: kayan da aka yi wa rajista, aka san abin da ke ciki, ga kuma babba wanda dama yana shan sigari. Ba a faɗe ta a kan haɗin da aka yi da sirinji a ɗakin samari ba, ba a kuma faɗe ta a kan ɗan lakwal da bai taɓa kunna kara ba. Ita Ingilar ma ta haramta sigarin lantarki na sha-ka-yar daga ranar 1 ga Yunin 2025.

Ƙasar Sin, wadda masana'antun birnin Shenzen ɗinta ke ƙera mafi yawan waɗannan na'urori, ta hana sayar da masu ɗanɗanon 'ya'yan itace a cikin gida tun watan Oktoban 2022, ta bar ɗanɗanon taba kaɗai, amma ba ta hana fitar da su waje ba. Holan ta bi sahu a 2024. Indiya kuwa ta haramta sigarin lantarki ɗungurungum a 2019. Duk lokacin da manyan kasuwanni suka tsuke, kayan sai su nemi inda ƙofa take a buɗe. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai ɗanɗano aƙalla 16,000 a kasuwa, kuma ƙasashe 74 ba su da wata doka a kan waɗannan kaya.

Darasin bakin iyaka

Gundumar Madarumfa ce ke riƙe da ƙofar Ɗan Isa, hanyar da ta haɗa Maraɗi da Jibiya, Katsina da Kano. Tarihin kasuwancin yankin ya nuna yadda katan-katan na sigari suka yi shekaru suna ratsa Maraɗi zuwa Najeriya. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, amma kaya ba su daina bin hanyoyin daji a kan babura ba. Idan buhun shinkafa ya iya wucewa, kwalbar da ke shiga aljihun riga ba za ta gagara ba.

An ga yadda taramol ya bi waɗannan hanyoyi har ya kai teburan ƙauye. An ga yadda aka yi sake da kodin a Najeriya, sai a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shi, bayan ya riga ya ci matasa da matan aure. Shisha ma da ƙamshin tufa da na'ana'a ta shigo, aka ɗauke ta wasa, har ta kai Mali ga haramta ta a 2022. A kowane karo, hukuma na farkawa ne bayan abin ya zama sana'ar dubban mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka sanarwar haramci kaɗai ba za ta wadatar ba, za ta ƙara wa kayan farashi ne kawai ta tura su ƙarƙashin tebur. Ana buƙatar matakan da za a iya aiwatarwa.

Na farko, doka. Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kuma kafa dokarta a watan Mayun 2006, lokacin da sigarin lantarki bai ma bazu a duniya ba. Ya kamata dokar ƙasa ta ambaci na'urar, da ruwan, da filebon da sunayensu, ta sa iyaka ga yawan nikotin, ta hana sayar wa yara, ta kuma ɗauki ruwan nikotin mai ƙarfi a matsayin guba da ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane.

Na biyu, jami'an duwan na Ɗan Isa su san kamannin abin da suke nema, domin a ido kwalbar ba ta da maraba da ta turare. Abin da aka kama a aika ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, da ke Yamai, a kuma jawo masana na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi cikin aikin, a sanar da jama'a sakamakon da Hausa a gidajen rediyo.

Na uku, ma'aikatan lafiya na gunduma su san alamomin gubar nikotin, su riƙa tambaya idan aka kawo yaro yana amai da zufa ba tare da zazzaɓi ba.

Na huɗu, 'yan ci-rani. Ɗan'uwan da ke Turai, Dubai ko Legas, idan zai yi tsaraba, ya san cewa abin da ya saya bisa doka a can zai sauka ne inda babu ma'auni, babu mai karanta gargaɗin da ke jikin kwalba. Ya aiko da waya ko kuɗin makaranta, ya fi alheri.

Na ƙarshe, fada. A nan ake shan shayi, a nan sabon abu ke samun karɓuwa ko ya mutu. Shugabannin fada da malamai su yi wa matasa bayani da lissafi, ba da tsawa ba, domin matashin da aka nuna wa abin da ke cikin cokali ɗaya ya fi wanda aka zaga saurin fahimta. Wanda kuma sigari ya riga ya kama, yana son rabuwa da shi, wurin likita ya kamata ya nufa, ba wurin abokin da ya koyi haɗi a TikTok ba.

Taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya kowace shekara, kuma Madarumfa na da nata kaso a tsohuwar matsalar. Bai kamata a ƙara mata sabuwa ba, alhali akwai sauran lokacin tare ta a Ɗan Isa.