Humayun Ahmed da littafin da na ƙwace a aji

Makon jiya na kama wata ɗalibata tana karanta littafi a ƙarƙashin tebur. Ɗan siririn littafin soyayya ne na Hausa, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano, bangon ma duk ya yage. Na ƙwace, na jefa a durowa, na yi mata faɗa. Da dare sai abin ya tsaya mini a rai, saboda na tuna wani marubuci ɗan Bangladesh, Humayun Ahmed.

An haife shi a 1948 a yankin Netrokona. Mahaifinsa jami'in 'yan sanda ne, sojojin Pakistan suka kashe shi a yaƙin neman 'yancin kai na 1971. Shekara guda bayan haka, yana ɗalibi a Jami'ar Dhaka, ya fitar da littafinsa na farko, Nondito Noroke, labarin wani gida mai ƙaramin ƙarfi. Shi fa ba adabi ya karanta ba. Kimiyyar sinadarai ya yi, har ya samu digirin dakta a Amurka, ya dawo yana koyarwa a jami'ar da ta yaye shi. Daga baya ya ajiye alli ya rungumi alƙalami da fim. Kafin ciwon daji ya yi ajalinsa a New York ranar 19 ga Yulin 2012, ya rubuta littattafai sama da 200, da harshensa na Bangali.

Ba yawan ne ya dame ni ba. Kafin zuwansa, mai son ƙagaggen labari a Dhaka yawanci littattafan marubutan Kolkata ta Indiya yake nema. Humayun ya zo ya yi rubutu da harshen da ake magana da shi a tsakar gida: gajerun jimloli, hira, barkwanci, mutanen da kowa ya san irinsu a unguwarsu. Ya ƙirƙiro Himu, saurayi mai yawo cikin dare ba takalmi, sanye da riga ruwan ɗorawa marar aljihu. Ya ƙirƙiro Misir Ali, malamin da ke bin kowane abin al'ajabi da hujja. Sai ga samari da 'yanmata suna jan layi a baje kolin littattafai na watan Fabrairu a Dhaka, kowa na jiran sabon littafinsa. Layi fa, don littafi!

Akwai ma abin da ya fi wannan. A wasansa na talabijin, Kothao Keu Nei, kotu ta yanke wa wani tauraro, Baker Bhai, hukuncin rataya a kan laifin da bai aikata ba. Mutane suka fito kan titi suna zanga-zanga kada a rataye shi. Mutumin da babu shi a duniya! Marubucin kuwa ya ƙi sauya ƙarshen labarin.

Masu suka ba su raga masa ba. Sun ce rubutunsa ba nauyi, yana maimaita kansa, yana sakin littattafai barkatai don ya riski kasuwar Fabrairu. Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a nan; wanda ya rubuta 200 ai dole a samu na cike gurbi. Amma wannan mutumin dai shi ya rubuta Jochhona O Jononir Golpo a 2004, ƙaton littafi a kan yaƙin da ya cinye mahaifinsa. Su wa suka karanta shi? Ai yaran nan ne da suka fara da Himu. Da an ƙwace musu Himu tun farko, wa zai ɗauki babban?

To, a nan ne na ga kuskurena, kuma ba ni kaɗai ba ne a cikin malamai. Kullum muna kukan yaran zango ba sa karatu. Ga yarinya, ba a koyar da Hausa a makarantarmu, ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata ƙ da ɗ, amma da kanta ta lallaɓa har ta iya. Maimakon in tambaye ta yadda aka yi, sai na hukunta ta.

Ban ce a bar yara su karanta duk abin da suka tsinta ba. Wasu littattafan ba su dace da shekarunsu ba, kuma lokacin darasi na darasi ne. Aikin malami da iyaye shi ne su buɗe su duba. Ni ko buɗewa ban yi ba, bangon kawai na gani na yanke hukunci.

Ranar Lahadi na zauna na karance shi tas. Ba wani abin ashsha a ciki, rigimar auren dole ce da kishiyar uwa. Da safiyar Litinin na mayar mata, na ce ta bari sai an tashi tara. Ta karɓa hannu biyu, ta ce, "Malam, akwai na biyu wajen yayata, in kana so."