Jawabina Na Farko Da Harshen Jju

Jiya na tsaya gaban aji nan Fadan Kaje, na yi jawabin minti biyar da Jju. Gaskiya ban taɓuka abin kirki ba. Murya na rawa, harshe na sarƙewa, 'yan aji sai dariya. Abu ɗaya na ba kaina maki: ban ce musu Kaje ba, Bajju na ce, sunan da suke kiran kansu.

Abin kunya ne, suna jin Hausarmu, mu ko gaisuwarsu ta gagare mu. Duk wanda ya tuna rikicin Zangon Kataf na 1992 ya san maƙwabtaka ba wasa ba ce. Mu koya, ko da za a yi mana dariya.