Wai Babba Ba Ya Gudu

A Zariya, idan aka hangi magidanci mai furfura yana gudu da sassafe, tambayar farko ita ce, "Lafiya dai?" Mun taso da aƙidar cewa babba ba ya gudu sai in an biyo shi. Wannan aƙida nake so mu binne, domin ita ke raka malaman jami'a da ma'aikatan banki zuwa layin masu hawan jini da ciwon suga a asibitin koyarwa na Shika tun ba su cika hamsin ba.

Waɗanda suka daure suka motsa kuma, galibi sun kuskure wuri. Wani ya biya kuɗin wata a ɗakin motsa jiki a Sabon Gari, ya hau injin gudu yana kallon bango. Da an ɗauke wuta, tsere ya ƙare. Wani ya bi gefen titin Sakkwato, daga Samaru zuwa Kwangila, yana zuƙar hayaƙin tirela da sunan neman lafiya.

Alhali ga ƙasa nan shimfiɗe, kyauta. Ga turbobin gonaki wajen Bomo, ga bakin madatsar Kubanni a cikin jami'ar Ahmadu Bello, ga gindin Dutsen Kufena ga mai son hawa. A kan kwalta, taku ɗaya kake maimaitawa sau dubbai a kan gaɓa ɗaya. A kan turba kuwa, babu taku biyu iri guda: nan yashi, can tsakuwa, gaba kunyar dawa. Idon sawu da ƙugu su yi aiki, hawa ya tayar da zuciya, gangara ta koya wa ƙafa birki. Kuma wanda ke lura da inda zai sa ƙafa ba shi da sararin tuna saƙon ofis. Ni dai a nan kaɗai wayata ke rasa iko da ni.

Eliud Kipchoge, wanda ya gama gudun yada-ƙanin-wani cikin ƙasa da awa biyu a 2019, yawancin atisayensa a kan jar ƙasar Kaptagat ta Kenya yake yi. Mu ba gasa za mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 75 kawai ta nema a mako, in motsin mai ƙarfi ne.

Za a ce tsaro. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Amma maganinsa a fita mutum huɗu ko biyar bayan gari ya waye, a tsaya kusa da ƙauyuka, a gaida manomi, kada a taka masa shuka. Mata ma su haɗa nasu ayarin, da suturar da ta yi musu.

Za a kuma ce kunya. Wannan kam ban karɓa ba daga mutumin da ke haki idan ya hau bene hawa biyu zuwa ofishinsa.