Wasiƙa daga Ingila: Maganin sha-yanzu na masu manhaja

Mu dai sai sanyi, sai karatu.

Zangon nan muna wani kwas a kan hanyoyin gina manhajar kwamfuta, wato yadda ake tsara aikin daga ranar da mai kaya ya faɗi buƙatarsa har ranar da za a damƙa masa. Kwas ɗin yana ci mini rai, don haka yau ku yi haƙuri da ni.

Tatsuniyar da ake ba mu ita ce wai da can akwai mugun tsari mai suna gangaren ruwa: a rubuta buƙatu, a zana, a gina, sai can ƙarshe a gwada, ba komawa baya. Sai a Fabrairun 2001 mutum 17 suka taru a wani wurin shaƙatawa a jihar Utah ta Amurka suka fito da Ajayil, tsarin zafin nama, inda ake aiki guntu-guntu, duk mako biyu ko wata ɗaya a nuna wa mai kaya. Shi ke nan, wai duniya ta huta.

To, Winston Royce da ake jingina wa gangaren ruwan, a takardarsa ta 1970 shi da kansa ya yi gargaɗin cewa barin gwaji sai ƙarshe kasada ce. Ya ce a yi aikin sau biyu, kuma a jawo mai kaya ciki. An kwafi zanen, an bar gargaɗin. Shekara hamsin da ɗoriya ana zagin bawan Allah kan abin da ya hana!

Ba ni da faɗa da Ajayil. Tela mai hankali ma yakan kira ka gwaji kafin ya kashe ɗinki. Faɗana da 'yan kasuwar da suka kewaye shi ne. Akwai reshensa da ake kira Sikiram, mai taron tsaye na minti 15 kowace safiya. A aikinmu na rukuni, maki yana kan mun yi taron tsayen, mun liƙa 'yan takardu masu launi a bango. Mai kayan kuwa ɗalibi ne cikinmu aka ce ya yi kamar shi ne. Mu yi tambaya, mu ba kanmu amsa, mu tafa wa kanmu.

Ku dubi abin da ya faru a gidan waya na ƙasar nan. A 1999 aka sa manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin da Fujitsu ya mallaka. Ta riƙa nuna giɓin kuɗi inda ba a ci ko kwabo ba. Masu riƙe da rassa suka yi ta kuka, aka riƙa ce wa kowa kai kaɗai ne ke da matsala. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900, wasu sun yi ɗauri, wasu sun rasa gidajensu. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Wane taron tsaye ne zai hana wannan, tunda manya sun riga sun yanke cewa na'ura ba ta ƙarya, mutum ne ɓarawo? Wannan ya kamata a shafe makonni ana koya mana. Minti goma ya samu.

Yaya, na ga saƙonki cewa Auta yana son a haɗa masa daloli ya yi satifiket ɗin Sikiram. Kwana biyu fa ake yin kwas ɗin, a zana jarrabawa, a kira mutum ubangidan tsari alhali bai taɓa gina ko manhajar lissafin kanti ba. Ni ba zan turo ko sisi don wannan ba. Ya je shagon Kawu ya zauna mako guda, ya ga yadda ake rubuta bashi a littafi, ya gina masa ɗan abin da zai riƙe lissafin, ya kai masa ya kushe, ya gyara, ya sake kaiwa. In ya yi haka, kuɗin data da sabon batirin kwamfutarsa suna wuyana.

A gaida Inna, a ce mata yajin ya iso.