Hasken leza: inda ya yi amfani da inda ’yan talla suka kai shi

A shekarar 1967, wani likita ɗan ƙasar Hungari mai suna Endre Mester ya aske bayan wasu ɓeraye a birnin Budapest, ya riƙa haska musu leza mai rauni. Abin da ya ba shi mamaki shi ne gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga baya ya gwada hasken a kan gyambon da ya ƙi warkewa a jikin mutane. Nan aka haifi wannan fanni, shekara bakwai kacal da ƙera leza ta farko a Amurka.

Ya kamata mai karatu ya bambanta abu biyu. Akwai leza mai ƙarfi da likitocin fiɗa da na ido ke yanka da ƙuna da ita. Wadda nake magana a kanta ba ta yanka, ba ta ƙuna. Jan haske ne, ko wanda ya ɗan zarce ja har ido ba ya ganinsa, ake ɗora shi a kan fata na ’yan mintuna. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne hasken yana isa ga mitokondiriya, wato murhun da ƙwayar halitta ke samun kuzari daga gare shi, sai kumburi ya ragu.

To, yana aiki? A wasu wuraren, ƙwarai. A 2009 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 16 a kan marasa lafiya 820, ya nuna hasken na rage ciwon wuya. Hujja mafi ƙarfi tana wajen masu ciwon daji, waɗanda maganin cutar ke sa bakinsu ya yi miki har ci da sha su gagara. A 2018 hukumar NICE ta Ingila ta amince a yi amfani da hasken domin wannan lalurar. Wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan mikin ya san ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ciwon baya kuwa, sakamakon bincike ya sha bamban, har yanzu magana ba ta tsaya ba.

Damuwata tana ga abin da ’yan talla suka mayar da shi. A Facebook za ka ga agogon hannu mai ƙyalla jan haske, wai yana wanke jini, ya kori hawan jini da ciwon suga. Wata gwaggota ta sayi irinsa da kuɗin adashinta, ta ajiye ƙwayoyinta na wata guda. Sai da jiri ya kayar da ita muka sani. Kuɗin da ya tafi bai dame ni kamar lokacin da ya tafi ba. Ciwon bayan da ake ta haskawa yana iya zama tarin fuka ne ya ci ƙashi, gyambon mai ciwon suga kuma ba ya jiran kowa.

Idan likitan gashin ƙashi ya ba ka shawarar leza bayan an gano takamaiman abin da ke damunka, babu laifi ka gwada. Ka tambaye shi zama nawa za a yi, nawa ne kuɗin, kuma me za a koma idan ba a ga canji ba. Kada ka yarda a kunna na’urar ba a ba ka tabaran kare ido ba, kada kuma ka bar maganin da aka rubuta maka.