Binciken Kiwon Kifi Ya Sauko Bakin Gulbi

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Nguru da Jakusko ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, kifi ya yi ƙaranci. Fataken banda mazauna Ikko da Badun su ne shaida.

Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, maƙwabciyar masuntan Gogaram ce. Wajibi ne masananta su fitar da binciken haƙa tafki da ƙyanƙyasar tarwaɗa daga littattafai, su koyar a bakin ruwa da Hausa da Badanci. Ƙungiyoyin 'yan Arewa a Kudu kuwa su zuba jari. In ba haka ba, 'ya'yan masunta za su ci gaba da kwararowa Ikko neman aikin gadi.